Hular Inna a Kan Ƙanƙara

Tun da na dawo daga Kanada bakina bai huta ba. Duk wanda ya biyo ta layinmu na 'yan hula a kasuwar Wuse sai ya ja birki a ƙofar shagona, ba don ya sayi komai ba, sai don ya ji yadda aka yi dattijo kamata ya tafi ziyarar wata guda ya ɓuge da share rabin shekara yana kallon wasa. Maƙwabcina Bulus mai gyaran agogo ya fi kowa naci. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Oga Alhaji, wai da gaske ka jefar da hula a gaban turawa? Kai da ko ƙuda ba ka bari ya sauka a kan kayanka?" Na ba shi labarin ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin da zai ba wani sai ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa in ci gaba da cinikina.

Asalin tafiyar ba tawa ba ce, ta Inna ce, mahaifiyarmu, wadda ke zaune tare da ni a Kurudu. Ƙanena Kabiru ya tafi Kanada karatu tun muna samari, ya yi aure a can, ya haifi ɗa guda, Yusuf. Kullum cewa yake baɗi zai kawo yaron gida, har Allah ya karɓi abinsa wannan baɗin bai zo ba. Yaron ya girma a hannun uwarsa Helen, muna gaisawa a waya daga salla sai salla, har muka ji wai ya zama ɗan wasa, ana ba shi albashi yana buga ƙwallon gora a kan ƙanƙara, abin da suke kira hoki.

Inna tun tana budurwa a Zariya take ɗinkin hula. Ta ƙarshe da ta ɗinka kafin idonta ya fara gardama, ta Kabiru ce, ƙube mai zaren shuɗi da ruwan zuma, ta ajiye masa ita sai ya zo. Bai zo ba, hular ta zauna a adaka. Wata safiya ta sa aka ɗauko, ta kira ni ta ce, "Sani, idona tafiya yake. Ka kai wa ɗan Kabiru hular ubansa, ka ɗora masa da hannunka. Kuma ka zo mini da shi in gan shi tun ina iya bambanta fuska da bango." Na ce Inna, Kanada fa ba Kaduna ba ce. Ta ce ita ba ta tambaye ni nisan ba. Wanda ya san Inna ya san magana ta ƙare.

Bayan jeka-ka-dawo na neman biza, na bar wa babban ɗana shago na hau jirgi daga nan Abuja. Muka sauka a wata ƙasa ta Turai don canjin jirgi, inda na yi ta yawo da 'yar butata a hannu ina neman wurin alwala, yara suna nuna ni. Da muka isa Kanada, tun kafin in kai teburin masu duba fasfo wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata cikin ladabi, ya ƙi tashi. Kilishin da na yi wa Yusuf tsaraba ya jiyo. Ma'aikaciyar ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na yi roƙo da turancina na Wuse, na ce wannan ba nama ba ne, ya bushe. Ta tambayi abin da ya kawo ni, na ce ɗan ƙanena ɗan hoki ne. Nan take fuskarta ta washe, ta ce a gaba yake bugawa ko a baya? Na ce wallahi ban sani ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta buga mini hatimi, ta yi mini fatan alheri. Kilishin dai ba ta ba ni ba.

Sai da na sake hawa wani ƙaramin jirgi kafin in kai garinsu, gari ne madaidaici a tsakiyar gonakin alkama. Ina fitowa na ga Kabiru tsaye, sai dai an ƙara masa tsawo da faɗi, an kuma cire masa haƙori guda na gaba. Ashe Yusuf ne, ya ɗebo kamannin ubansa. Ya rungume ni ya ce, "Baffa, sannu da zuwa. Hanya tana lafiya? Mama ya dafa abinci." Hausar tasa irin ta 'yan Abuja ce sak, mace da namiji duk ɗaya, sai na ji kamar ban bar gida ba.

Ni da gaggawata, a nan filin jirgin na buɗe jaka na warware ƙyallen da Inna ta naɗe hular. Na ce masa ya sunkuyo. Yana ganinta sai murmushin ya ɗauke, ya ja da baya. Ya ce, "Ba yanzu, Baffa. Don Allah ka ajiye shi." Ya ɗauki jakata ya yi gaba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ce a zuciyata, ato, yaro ya zama bature, kunyar kayanmu yake ji.

A gidan Helen na sauka, shi Yusuf yana da nasa ɗakin kusa da filin wasa. Mace ce mai kirki, mai saurin magana, kuma har yanzu hoton Kabiru na nan a falonta. Abin da ya fara ba ni mamaki a garin shi ne gaisuwa. Mutum zai ce maka sannu yana tafiya, kafin ka tambaye shi iyali ya sha kwana. Na ce waɗannan ba su da zumunci. Amma ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba, na leƙa taga na ga maƙwabcin nan da ba ya tsayawa gaisuwa yana share mana ƙofar gida da shebur, ya gama ya tafi bai ko ƙwanƙwasa a gode masa ba. Na rasa a ina zan ajiye su. Sanyi kuwa, wanda ya yi alfahari da na Jos ya yi shiru kawai. Helen ta ba ni hular ulu mai rufe kunne, ni kuma na ce ba zan fita ba hular mutunci ba, sai na riƙa sa ta ulun a ƙasa in ɗora tawa a sama. Haka na yi ta yawo a garin da hula biyu, kuma babu wanda ya ce mini don me.

Kakar wasansu ta fara ke nan da na je. Ranar farko da Helen ta kai ni filin, na zaci salla ake yi. Tsofaffi, jarirai, 'yan mata, kowa da rigar ƙungiyar, kore da fari kamar tasin Abuja. A tsakiya fili ne na ƙanƙara an kewaye shi da gilashi. 'Yan wasa suka fito da hular kwano da sanduna, takalmansu da wuƙa a ƙasa, suna sulɓewa kamar an watsa kifi a ruwa. Ƙwallon kuwa ba ƙwallo ba ce, wani ɗan baƙin abu ne kamar gwangwanin man takalmi, kuma sai da na yi wasa uku ina kallo kafin idona ya fara ganin inda take.

Kusa da kujerarmu akwai wani tsoho, Walta, manomi ne da ya bar wa 'ya'yansa gona. Ya ce tun yana saurayi yake zama a wannan kujerar. Shi ya zama malamina. Ya saya mini soyayyen dankali da aka kwarara wa romo da cuku, na tambaya aka tabbatar mini babu alade, na ci don kunya, daga baya na koma ci don daɗi. Ana cikin wasa sai 'yan wasa biyu suka yar da sanduna suka kama dambe. Na miƙe ina salati ina cewa a raba su, alƙalan wasa kuwa sun tsaya sun harɗe hannu suna kallo. Sai da suka gaji aka kai kowa wani ɗan ɗakin gilashi ya zauna na 'yan mintoci kamar ɗan firamare, aka sake su suka ci gaba. Walta ya ja rigata ya ce in zauna, ai wannan gaisawa ce.

Farkon kakar kamar da wasa suka yi ta cin kowa. Duk cin da suka yi sai a busa wani ham irin na tirela, fili ya ɗauka. Walta ya ce bana da alama zai bar gemu, domin al'adarsu ce in ƙungiya ta shiga zagayen neman kofi, ba a aski sai an fitar da ita ko ta ɗauka. Ya shafa haɓarsa ya ce ta daɗe ba ta ga gashi ba.

A cikin waɗannan kwanakin na daɗi ne na ga abin da ya tayar mini da hankali. Wani abokin wasan Yusuf ya ci ƙwallo ta uku shi kaɗai a wasa ɗaya. Kafin in ankara, sama ta cika da huluna. Kowa ya tuɓe tasa yana wurgawa cikin fili, babba da yaro. Walta ya jefa tasa, ya juyo yana nuna kaina yana dariya, har ya miƙo hannu. Na dafe hulata da hannu biyu na ce, "Kai, malam, a kul!" Ya ga da gaske nake ya janye. Na yi masa bayani cewa a wurinmu hula mutuncin namiji ce, in ka ga ta dattijo a ƙasa to an yi abin kunya. Ya ce su kuma a wurinsu babu girmamawar da ta wuce ka tuɓe taka ka jefa wa wanda ya ci uku. Ina kallo ma'aikata suka fito da manyan shebur suka tattare hulunan kamar shara, suka ɗura a buhu. Na ce a ina masu su za su karɓa? Ya ce ba a karɓa, sadaka ake yi da su. A matsayina na ɗan hula abin ya yi mini ciwo, ko da yake na raya a zuciyata cewa garin nan da kasuwa.

Da muka koma gida ina ba Helen labari ina ta faɗa, ita kuma tana tuƙa tuwon semo, wanda Kabiru ya koya mata, da kukar da kare ya yafe mini. Sai na ga ta ajiye muciya. Ta ce, "Sani, ka san abin da ya sa bai karɓi hular ba?" Na ce kunyarmu yake ji. Ta ce a'a. Ta ce tun Yusuf yana ƙarami, Kabiru bai taɓa fashin wasansa ba, kuma kullum da hularsa ta gida a ka, ita kaɗai a cikin jama'a. Da yaron ya shigo fili ita yake fara nema. Shi ma Kabiru bai taɓa jefa ta ba, ko da Yusuf ya ci uku a wasan yara. Yakan ce masa, wannan ba ta taɓa ƙasa don wasan yara, amma ranar da ka ci uku a wasan manya, da hannuna zan jefa. Ta ce, "Bai ga ko wasansa ɗaya na manya ba. Tun ranar da muka binne shi Yusuf bai sake ɗaga kai ya dubi 'yan kallo ba. Ka lura gobe." Na lura kuwa. Yakan shigo kansa a ƙasa, ya fita kansa a ƙasa. Tausayin yaron ya kama ni, na ji kunyar zaton da na yi masa.

Watan da na ɗiba ya cika, na buga wa Inna waya. Ba ta bari na gama gaisuwa ba ta ce, "Ka ɗora masa?" Na ce tukuna. Ta ce, "To me za ka zo yi?" Haka na ɗaga tafiya.

Kamar jira ake in ɗaga, sai ƙungiyar ta rikice. Mai tsaron gidansu ya ji ciwo a gwiwa, wanda aka sa a madadinsa kuwa kamar ƙofar kasuwa, kowa shiga yake. Suka yi ta shan kashi gida da waje, har Walta ya daina saya mini dankali, wai cin da nake yi ne ya sa ake cin su. Mutanen nan da iliminsu sun fi mu camfi. Na ga wanda ya ƙi wanke safarsa don ranar da ya sa ta aka yi nasara. Aka sallami koci aka kawo wani, bai canja zane ba. Kujeru suka fara zama babu kowa, amma ni da Walta da Helen ba mu fasa ba. Ban san lokacin da na fara yi wa alƙalin wasa ihu da Hausa ba. Har bas na bi tare da magoya baya zuwa wani gari mai nisa, muka sha tafiya a cikin farin daji, aka lallasa mu, muka dawo kowa ya yi tagumi. Ni da na zo kawo hula, ga ni ina kasa cin abinci saboda turawa sun sha kashi.

Shi Yusuf ba mai yawan ci ba ne. Aikinsa shiga lungu ya ƙwato ƙwallo, a maka shi da gilashi, ya miƙa wa wani ya ci. Na tambayi Walta ko yana ganin zai taɓa cin uku a wasa ɗaya. Ya ce, "Ina son yaron nan kamar jikana, amma mu roƙi ɗaya tukuna."

A tsakiyar wannan masifar sanda ta fasa masa leɓe, aka yi masa ɗinki aka ce ya huta. Na tare a ɗakinsa ina yi masa farfesu da kunu. A nan muka saba. Ina gyara masa Hausa, shi kuma ya rantse sai ya koya mini tafiya a kan ƙanƙara. Ya kai ni wani tafki da ya daskare ya ɗaura mini takalmin wuƙa. Taku ɗaya na yi, ƙafafuna suka yi gabas ni na yi yamma, na zauna daɓas, amma hannuna na kan hula. Ya yi dariya har ɗinkin ya kusa warwarewa. A hanyar komawa na ga ransa a sake, sai na ce masa, "Yusuf, kakarka idonta yana tafiya. In an gama kakar nan ka bi ni." Ya ci gaba da tuƙi. Can ya ce, "Baffa, in ta gan ni, Baba za ta nema. Ni ban iya Hausa, ban iya komai na gida. Za ta ga babu shi." Na ce ba haka ba ne. Ya ce, "Bayan sizin, mu gani." Na san irin wannan mu gani, da ita ubansa ya yi ta lallaɓa mu.

Azumi ya same ni a can, lokacin da ɗan hula ba ya ko zuwa ɗaurin aure saboda cinikin salla. Ban damu da wannan ba kamar yadda na damu da abin da maiɗakina ta gaya mini a waya. Ta ce yanzu Inna da murya take gane mutane, sai an matso dab da ita a cikin haske take ganin fuska. Bizata ma ta kusa ƙarewa, dole na yanki tikitin dawowa.

Sai kuma ga mai tsaron gida ya warke, ƙungiya ta farfaɗo kamar an yi mata allura. Suka dinga ci, jama'a suka dawo, Walta ya dawo da dankali. Aka zo wasan ƙarshe, ranar Lahadi da rana, a gida. Lissafin shi ne sai sun ci, kuma sai wata ƙungiya da ke gabansu ta faɗi a nata wasan, sannan su shiga neman kofi. Ni kuma jibi jirgina zai tashi. Na naɗe hular Inna na sa a ƙirji cikin rigar sanyi, da niyyar in an tashi in sake miƙa masa, in ya ƙi in koma da ita in gaya wa Inna na kasa.

Ba a daɗe da farawa ba ƙwallo ta daki ƙafar Yusuf ta faɗa raga. Walta ya ce ci ci ne, ko da gwiwa aka yi shi. Baƙi suka rama. Bayan hutu Yusuf ya kutsa gaban raga ana ta turereniya, ya zungura ta biyu. Helen ta kama hannun rigata. Aka rama, namu suka sake ci ta hannun wani, muna gaba da ɗaya lokaci yana ƙarewa. Sai baƙin suka yi abin da suke yi in ido ya raina fata, suka fitar da mai tsaron gidansu suka ƙaro ɗan gaba, ragarsu ta zauna wayam. Kyaftin ɗinmu ya ƙwace ƙwallo ya fito shi kaɗai, raga a buɗe a gabansa, ko ni zan iya ci. Bai buga ba. Ya waiwaya ya nemi Yusuf, ya tura masa. Yusuf ya zura ta.

Ham ya ɗauka, huluna suka tashi. Hannuna ya tafi kan tawa, sai na tsaya. Alkawarin ba na hulata ba ne, na hular Kabiru ne, kuma ga ta a ƙirjina. Amma Inna cewa ta yi in ɗora masa da hannuna, ba ta ce in wurga aikinta a ƙasa a gaban dubban mutane ba. Ga masu shebur can sun buɗe ƙofa. Yaron kuma ba ya ɗaga kai. In bai gan ta ba, ta shiga buhu, in koma Kurudu ba hula ba jika. Na yi bismilla na warware ƙyallen na jefa.

Ƙarfin tsufa, ko gilashin ba ta kai ba, ta faɗa kan cinyar wata mata a layin ƙasa. Na ce shi ke nan, na kashe kaina. Matar ta ɗaga ta ta juya ta, ta waiwayo. Walta ya miƙe yana ihu yana nuna fili, ta gane, ta cilla ta sama da gilashin. Hular ta sauka a gefenta ta dinga gangarawa a kan ƙanƙara kamar taya, ta ratsa hulunan turawa, wani ɗan wasa ya taɓa ta da wuƙar takalminsa bai sani ba, ta je ta kwanta a fili. Mai shebur ya nufo ta.

Abokan Yusuf sun rufe shi suna bubbuga masa hular kwano. Yana fitowa daga cikinsu kansa a ƙasa kamar kullum, kuma wannan sunkuyon ne ya sa ya gan ta. Ya tsaya cak. Ya ɗaga wa mai shebur hannu, ya sulala ya durƙusa ya ɗauke ta, ya kaɗe ta a ƙirjinsa. Sannan ya ɗaga kai. Bai yi ta dube-dube ba, kai tsaye ya dubi inda muke, ashe ya san wurin tuntuni. Ya cire hular kwano ya sa ta Inna. A karkace ya sa ta, bai iya ba, amma ni ban taɓa ganin hular da ta zauna wa mutum haka ba. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Helen ta rufe fuska, Walta yana ta fyace hanci yana cewa sanyi ne.

Wasan mun ci. Ba a jima ba aka sanar cewa waccan ƙungiyar ma ta ci nata, don haka kakar ta ƙare ke nan, babu neman kofi. Duk da haka jama'a suka miƙe suka yi ta tafa wa yaran da suka ba su baƙin ciki rabin shekara. Walta ya shafa haɓa ya ce, to, sai baɗi. Na cire hular kaina na ɗora masa, na ce wannan ba ta jifa ba ce. Ya ce ya yi alkawari.

Muna jiran Yusuf a bakin ƙofar 'yan wasa ya fito da hular a ka. Na gyara masa zamanta da hannuna, don in cika umarnin Inna. Ya ce, "Baffa, jirgin ka akwai wuri?" A nawa babu, amma bayan ya sami biza ya biyo ni.

Ranar da na ɗauko shi daga filin jirgi zuwa Kurudu, gumi yake kamar an tsamo shi daga rijiya, amma ya ƙi cire hular. Inna na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Ya durƙusa yadda na koya masa ya ce, "Inna, ina wuni. Na zo." Ta miƙa hannu ta laluba kansa, yatsunta suna bin ɗinkin, har suka tsaya inda takalmi ya yanke zare. Ta ce, "Sani, wa ya ɓata mini aiki?" Na yi ta kame-kame, ƙarshe na faɗi gaskiya. Ta ce, "Jefawa ka yi? A ƙasa? A gaban mutane?" Kafin in sami abin cewa Yusuf ya ce, "Inna, Baba ya yi alkawari. Baffa ta cika."

Inna ta ci gaba da shafa ɗinkin. Can ta ce a matso mata da shi cikin rana. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu ta jawo ta dab da tata, ta daɗe tana dubawa. Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Alhamdulillahi. Na gan shi, Sani, na gan shi." Yusuf ya yi murmushi, sai ta ƙara matsowa ta ƙura ido.

Ta ce, "Af! Maigida, ina haƙorinka? Ni fa ba na zama da miji mai giɓi."